Zanen da Yaya Sani ya turo min

Laoban yana ganin zanen a wayata fuskarsa ta canja. Mai shagon ƙera ƙarfe ne, shekara shida muna hulɗa a nan Guangzhou. Ya miƙo min wayar, ya ce "meiyou", wato babu, ya nuna min ƙofa.

Zanen daga ɗan kawuna ne, Yaya Sani, da ke Amurka. Cewa ya yi ƙarfen ɗora kyamara ne, in sa a ƙera masa. Yayana ne, ban yi tambaya ba.

A bakin titi na kira shi. Sai da na matsa masa ya faɗa min bindiga yake haɗawa da hannunsa, ta gasar harbin nesa.

"Haba ƙanina, wasa ne fa. Allo kawai muke harbi."

Na ce, "Yaya, a can ne wasa. A nan in aka kama ni da ƙarfen nan, gidan yari zan tafi. Kuma ka sani, shi ya sa ka ce kyamara."



Har yau Laoban bai sake ɗaga wayata ba.

Ku waɗanda 'yan'uwa ke aikenku, kuna tambaya kuwa, ko kunya ce take cin ku irina?