Maganin Mene Ne, Alhaji?

Da na ajiye aiki na dawo gidanmu na gado a Ƙofar Ran, abu ɗaya na sa a raina: in ga fulawa ta yi fure a jikin katangar ƙofar gidana kafin idona ya gama dushewa. Na zauna a Kartum, na zauna a Abijan da Mombasa, kuma duk inda na sauka sai na ga wata shuka mai ƙaya, mai hawa katanga, furenta ja kamar an yayyanka takarda an rataya. A Mombasa har a gidan mai sayar da gawayi tana leƙowa ta saman kwano, kuma ba wanda ya taɓa tsare ta da tambayar abin da ya kawo ta duniya.

Na samo tawa a bakin hanyar Jos, wajen wata 'yar kudu da ke jera shuke-shuke cikin baƙaƙen ledoji. Ta ce mini da Hausarta ta kasuwa, "Baba, wannan ba ya son wahala. Rana kawai, ruwa kaɗan. Amma kar ka bari akuya ya gani." Baiwar Allah, awaki take jiye mini. Ba ta san unguwarmu ba.

Hajiya, mai ɗakina, ita ta fara yin tambayar da kowa zai yi daga baya. Ta leƙo ta zaure ta tarar ina haƙa rami.

"Alhaji, ana miya da ita?"

"A'a."

"To maganin mene ne?"

"Ba maganin komai. Ta kallo ce."

"Ta kallo," ta maimaita, kamar ta tauna tsakuwa a cikin shinkafa. "Ga zogale, ga lalle, ga gwanda a tsakar gida, duk ba su ishe ka kallo ba, sai ka ɗauko mana mai zaman banza, kuma da ƙaya."

Ban ga laifinta ba. A wurinmu fure alkawari ne kawai. Mangwaro ya yi fure, mu ce bana za a sha. Kuɓewa ta yi fure, a fara wanke tukunya. Shukar da ta tsaya a fure ta ƙi wucewa gaba, kamar ɗan da aka kai makaranta ne ya dawo da kwat ba aikin yi. Ba kuma don ba ma son ado ba. Shiga falon duk wani mai hali a garin nan, za ka tarar da fulawar roba a kan talabijin, tun ta jeren auren matar gida, launinta ya koɗe. Ita ba a tambayar ta aikinta, don an san ba ta da saiwa.

Maƙwabcina tsohon direban babbar mota ne, mutumin da bai taɓa jin sunan wani ciwo ba face ya gano yana da shi. Ya zuba mini ido na kewaye shukar da waya, na sa aka kawo mini taki daga Miri. Ran nan bayan la'asar ya matso kusa ya rage murya.

"Alhaji, tsakanina da kai, maganin mene ne?"

"Wallahi, Malam, ta kallo ce."

Ya yi murmushin wanda ya gane. "Haka ne. Ai ba a faɗa."

Nan na faɗa rami. A garinmu mai lasifika a kasuwa, wanda ke lissafa cututtuka, shi ake ɗauka maƙaryaci. Mai maganin gaskiya kuwa musu yake yi. Saboda haka duk rantsuwar da na yi sai ta koma shaida a kaina. Wa zai yarda cewa dattijon da ya zaga duniya, yake jin Larabci da Faransanci, zai ɗauko taki tun daga Miri don ya zauna yana kallon ganye?

Majalisar ƙofar masallaci ta rabu. Wasu suka ce hawan jini, wasu suka ce basir. Wasu kuma suka dubi yadda nake tafiya ba sanda a shekaruna, suka dubi juna, suka yi gyaran murya. Daga nan ganye ya fara ɓacewa. Mutum zai zo ya gaishe ni, ya tambayi iyali da gajiya, in zai tafi sai hannunsa ya bi ta kan waya ya tsinke toho. Mata suka riƙa shiga wajen Hajiya a sam musu ɗan ganye. Ga shi a kan tohon nan fure ke fitowa. Damina ta zo ta wuce, shukata na tsaye kamar kazar da aka fige. Awaki ma sun ci rabonsu, amma su na yafe musu, don ba wadda ta dawo ta ce mini ta warke.

Direba kuwa ya dawo. Ya ce gwiwarsa ta saki tun da ya fara dafa ganyen da jar kanwa. Na ce masa a Abijan a bakin titi take, ko yara ba sa kula ta. Ya ce ai shi ya sa ciwon gwiwa ya yi musu yawa a can.

Ranar na shiga gida na nemi fartanya, na ce gara in tumɓuke ta da hannuna. Hajiya ta karɓe fartanyar ta jingine.

"Alhaji, kai fa matsalarka, gaskiya kake ta faɗa wa mutanen da ba ita suka zo nema ba. Bar ni da su."

Ta tafi wani suna a unguwa. Can ta ja wata mata gefe, wadda aka san bakinta ba ya riƙe ko ruwa, ta ce mata ganyen ba ya komai, maganin a cikin furen yake, kuma sai wanda ya faɗo ƙasa da kansa. Wanda ya tsinka da hannu, ciwonsa zai dawo ya taho da ƙaninsa. Ta rufe da cewa kada ta gaya wa kowa.

Da labarin ya zagayo ya same ni, na ce, "Hajiya, wannan ai ƙarya ce."

"Rabin maganar taka ce. Ba kai ka ce ganyen ba ya komai ba?"

Washegari direba ya zo yana ɗingishi, ya ce shi dama ya lura gwiwar ta fara dawowa. Ya jawo bencinsa ya ajiye gaban katangata. Bai bar akuya ta gifta ba, bai bar baƙo ya miƙa hannu ba. Ragowar ruwan butarsa a gindinta yake juyewa. Har ni ya taɓa yi wa tsawa da na ɗauko almakashi zan rage wani reshe.

Da kaka ta kama, sai ta yi abin da na gani a Mombasa. Ta haye katanga, ta zubo ta ɗaya gefen, ja wur, har masu keke suna rage gudu. Majalisa ta taso daga ƙofar masallaci ta dawo ƙofar gidana. Yanzu kullum da yamma dattawan unguwa na jere a benci, sun ɗaga kai, kowa na jiran iska ta kaɗo masa fure. A duk yawona ban ga inda ake kallon fulawa da natsuwa irin haka ba.

Wata yamma direba ya daɗe yana dubanta, rana ta bugi furen ta baya. Ya juyo ya rage murya kamar ranar farko.

"Alhaji, ka san kuwa, ko ba don maganin ba, abin nan yana da ɗan kyau?"

Na ce, "Haka ne, Malam. Ai ba a faɗa."