Ofishin Baba Ba-Ƙofa

Kullum da safe, kafin masu shara su gama da baranda, Baba Ba-Ƙofa yana kan kujerarsa. Ba ya laluben mukulli, don babu abin da zai buɗe. Shi ne shugaban sashen sayen kaya da ba da kwangila a ma'aikatarmu, kuma tun makon da aka ba shi kujerar ya sa kafinta ya cire ƙofar ofishin aka kai ta sito. Duk ɗan kwangilar da ya zo da magana, sai dai ya yi ta masinja na ji, mai buga takardu na ji, masu jira a kan benci na ji. Wanda ya rage murya, Baba zai kama kunne ya ce, "Ɗaga murya, ɗana, kunnen ya tsufa." Kunnen nan kuwa ko allura ta faɗi a baranda sai ya ji.

Bango ɗaya ne tsakaninsa da Mataimakinsa, kuma babu wanda abin ya fi ci wa rai kamar Mataimakin. Tare suka fara aiki. Shi ma mutum ne mai gaskiya, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, sai dai tasa gaskiyar tana bayan ƙofa da labule, ba mai ganin ta. Baba zai hana mutum kwangila yau, gobe mutumin ya tsayar da mota a titi don ya gaishe shi. Mataimaki kuwa ko ya ba ka aikin, sai ka fita kana zargin da wata a ƙasa. Kishi yake ji, kishi mai hana shi jin daɗin shayinsa na safe.

"Mutum ya cire katako guda, an mayar da shi waliyyi," in ji shi wata rana a gida.

Matarsa ta ce, "To kai ma ka cire taka mana, Baban yara."

"In kwaikwaye shi? Allah ya kiyaye."

Kishin ya kai maƙura a kan ɗakin haihuwa na wani ƙaramin asibiti. Gwamnati ta yi haɗin gwiwa da wani kamfani: gwamnati ta ba da gini da ma'aikata, kamfani ya kawo wuta da kayan aiki ya kula da su. Yarjejeniya ta ce janareta. Kafin a sayo shi, man janareta ya yi tsada, shugabar kamfanin ta zo ta ce a bar ta ta sa sola, don janaretan zai zama kayan ado ne kawai. Mataimaki ya ce doka ba ta yarda ba, sai dai a soke aikin a sake tallata shi. Kuma ba ƙarya ya yi ba, ta irin wannan canjin ake wawure dukiyar jama'a. Amma sake talla zai ci watanni, ungozomomi kuma suna karɓar haihuwa da fitilar waya.

Baba ya nemi izinin hukumar da ke sa ido, sannan ya kira kamfanonin da suka nemi aikin suka rasa, ya kira babbar ungozoma da mai binciken kuɗi. Ofishin bai ɗauke su ba, aka cika baranda. Ya ce, "Ga abin da shugabar kamfani take son canzawa, ga dalilinta. Wanda yake da ja, ya faɗa yanzu." Wani ya miƙe ya ce baturan da ta zaɓa ba za su yi ƙarko ba, ya faɗi waɗanda suka fi. Shugabar ta ɓata rai, amma ta amince. Kowa ya sa hannu. Ba a daɗe ba ɗakin haihuwa ya yi haske.

Washegari ungozomar ta leƙo ofishin Mataimaki. Zuciyarsa ta yi fari, ya gyara zama. Ashe tambaya take ina Baba ya shiga.

Baba, kai ne ka nuna mana cewa takarda tana lanƙwasuwa, in dai a gaban jama'a aka lanƙwasa ta. Kai ne ka sha ƙurar baranda da hayaniyar masu jira, ka ci abincin rana kowa na kallon bakinka, ka yi wa iyalinka waya duk sashe na saurare. Mai ofis a fili, mun ga abin da ka biya.

Da Baba ya yi ritaya, aka ba Mataimaki kujerar. Ranar farko ya aika a ɗauko ƙofar daga sito. Mun san in ta koma, aikin Baba ya bi shi gida. Kafinta ya shigo da ita a kafaɗa, a daidai lokacin ƙanin matar sabon shugaba, wanda ya fara harkar kwangila, ya iso yana murmushi.

"Yaya, in an gama sa ta, ina da 'yar magana da kai, mu biyu."

Sabon shugaba ya dubi ƙofar, ya dubi benci cike da mutane. Ya san abin da za a ce a kasuwa: na Baba ya wuce, an koma gidan jiya. Tsohon kishin ya taso masa har wuya.

"Mayar da ita sito," ya ce wa kafinta. "Ba zan bari a ce shi kaɗai ya iya ba." Ya juya ga ƙanin matarsa ya kama kunne. "Ɗaga murya, ƙanena."

Mun gode, Baba, Allah ya saka da alheri, ya ba ka hutu mai albarka. Ku masu riƙe da amanar jama'a, in ba za ku iya koyi da shi don ƙauna ba, ku yi don kishi. Mun ga yana aiki.