Tauren Kawu

A unguwar Rikkos ta Jos na girma, a gidan da katangarsa ɗaya da ta wani mutum da muke kira Kawu, ko da yake ba abin da ya haɗa mu na jini. Shi ɗan asalin duwatsun nan ne, Kirista, ma'aikacin gwamnati. Mu kuwa haƙar kuza ce ta kawo kakanmu Jos. Ya zo da niyyar cin rani, ya mutu a nan da jikoki cike da tsakar gida. Babana yana da rumfa a kasuwar Katako, inda yake sayar da katakon rufi.

Duk shekara in Kirsimeti ta matso, Kawu zai sayo taure ya ɗaure a gindin gwaiba, amma ba ya yankawa. Ga wuƙa, ga 'ya'ya maza ƙarti, sai dai ya leƙo ta kan katanga ya ce, "Alhaji, baƙonka ya iso." Dalilin a fili yake: in Baba ya yanka, mu ma za mu ci. Haka uban Kawu ya yi da kakana, kuma ban taɓa jin wani ya zauna yana yi wa abin bayani ba.

Baba ba ya shiga gidan sai da tsiya. Zai zagaya dabbar yana girgiza kai ya ce, "Oga, wannan ai kyanwa ka sayo. Albashin bai fito ba ne?"

"Ka yanka kawai," in ji Kawu. "Bara ma haka ka ce, kuma kai ka cinye cinya."

Sai Baba ya juya tauren ya fuskanci alƙibla, a tsakar gidan da hoton coci ke rataye a falo, ya yi bisimilla. Kawu yakan cire hularsa har a gama. Kafin azahar matarsa, wadda muke kira Mama, ta aiko da shinkafa da nama, da gwaten acca don ta san ina so. In Babbar Sallah ta zo mu kuma mu kai musu soye.

Ina da aure, ina goyon ɗana na fari, gari ya rikice. Ba zan tsaya lissafa abin da idona ya gani ba. Da ƙura ta lafa, sai mutane suka shiga tattara kaya, kowa yana neman unguwar da za a kira sunansa ba a waiwayo ba. Layinmu ya koma na Musulmi zalla. Su Kawu suka sayar da gida suka ƙaura can ɗaya gefen gari. Ba wanda ya kore su, 'ya'yansu ne suka ce ba sa iya barci. Ranar da motar kaya ta zo, Baba ya taya su ɗaure kujeru.

Na ɗauka shi ke nan. Ashe tsofaffin nan biyu sun fi tauren taurin kai. Kawu ba zai shigo layinmu ba, Baba ba zai je unguwarsu ba, to sai suka raba hanya biyu. Ana gobe Kirsimeti Kawu zai saka taure a keke napep ya kawo Katako, Baba ya yanka a bayan rumfa, jinin ya bi dusar katako. Washegari Mama ta zo kasuwar Taminus da kular abinci, in je in karɓa. Da Sallah ni ma nan nake kai mata namu. Mukan tsaya a bakin titi muna gaisawa cikin hon ɗin motoci, kamar waɗanda suka zo karɓar saƙo a tasha.

Bayan mijina ya rasu na dawo gidan Baba da 'ya'yana. Su ba su san Kawu ba sai a labari. Ba su taɓa ganin Kirista zaune a tabarmarmu yana cin tuwo ba. Makarantarsu tamu ce zalla, abokansu haka, har mai gyaran keken da suke zuwa wurinsa. Tun suna ƙanana sukan ci naman don nama ne. Da suka tasa sai aka fara "na ƙoshi." Yaran da ko ƙashi ba sa bari, in an buɗe kular Mama sai ƙoshi ya kama su gaba ɗaya.

Wata shekara Baba ya matsa wa babban ɗana ya ci. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba Alhaji, mu ba ma cin abincinsu."

"Ni na yanka da hannuna."

"Na sani. Duk da haka."

Ni ban gaji haƙurin Baba ba. Na tashi zan kwaɗa masa mari, Baba ya ce in zauna. Ya ce yaro bai yi rashin kunya ba, abin da ya tashi ya tarar ke nan. Ya jawo kular gabansa. Haƙoransa sun zube saura kaɗan, likita kuma ya hana shi jan nama saboda hawan jini, amma ya zauna yana yagar tsokar da farce yana mamula. Kwana da kwanaki ina ɗumama masa har ya ƙare. Da zan mayar da kula ya ce, "Ki ce wa Mama yara sun cinye tas." Haka na riƙa faɗa mata duk shekara, ita kuma ta yi dariya ta ce Allah ya raya su.

Abu ɗaya ne ya dami Baba a ƙarshen rayuwarsa, kuma bai ɓoye ba. Hannunsa ya fara rawa. Ni mace ce, ƙannena maza sun watse Abuja da Bauchi. Yakan ce, "In na tafi, wa zai yanka masa?" Ya lallashi jikansa ya raka shi Katako, ko riƙe ƙafa ne ya yi, ya ga yadda ake yi. Yaron ya ce to, ranar kuma ya sulale tun da safe. Ban taɓa jin zuciyata ta karye irin ta wannan rana ba, ganin tsoho ya saka babbar rigarsa yana tsaye a ƙofar gida yana duban layi.

Baba ya rasu da damina. Kafin labari ya isa wancan gefen gari har an rufe shi, don mu ba ma jira. Kawu kuma a lokacin ɓarin jikinsa ya shanye, ba ya fita. Mama ce ta kira ni ta yi gaisuwa a waya, muna kuka ba mai jin abin da ɗaya ke faɗa. Da Kirsimeti ta zo na sake tuntuɓar ɗana kan yankan, ya ce in yi haƙuri. Su Kawu ma ba su kira ba.

Da Babbar Sallah na soya nama na tafi Taminus. Mama ta rame. Ta karɓi kular ta rungume, ba ta saka a jaka ba.

"'Yata," ta ce, "daga bana ki huta. Jikokina ba sa ci. Tun da daɗewa. Ni da Kawunki ne muke zama mu ci, sai in ce miki sun gode."

Na buɗe baki zan yi magana, ta dafa hannuna.

"Na san naku ma ba sa ci. Kawunki ya sani, Alhaji ma ya sani. Ba wanda ya so ya fara faɗa."

Masu keke suna ta yi mana hon mu ba su hanya. Sai na tambaye ta yaya suka yi da Kirsimeti.

Ta ce an sayi taure kamar kullum, babban ɗansu ya yanka. Ta dafa shi luguf saboda Kawu, ta kai masa har gado, ta ɗebo a cokali. Bakinsa a karkace yake yanzu, maganar da ƙyar take fita, amma ya tambaya wa ya yanka. Da ta faɗa masa, sai ya juya fuskarsa bango.

"Har aka gama biki," ta ce, "bai sa a baki ba."