Akori-kurar Baba Ta Ƙi Haye Gada

Da na dawo ƙauyenmu bayan shekara shida ina koyon kanikanci a Kano, aikin farko da ya same ni motar mahaifina ce. Tsohuwar akori-kura ce da yake kai albasa kasuwar Gezawa da ita. Ciwonta ɗaya: ta tashi lafiya lau, tana isa gadar bayan gari sai ta kama tari, ta mutu. Baba ya sauko, ya buɗe tanki, ya zura kara ya ga akwai mai, ya rufe, sai ta tashi kamar ba ita ba.

Duk gari aka zuba mini ido. Na san in na kasa gyara motar gidanmu, ko keke ba mai kawo mini.

Na kwance kafireta na wanke. Na duba fulogi na gan su fari fat, alamar iska ta rinjayi mai. Na canza famfon mai. Na zuƙi tiyo har tuwo ya koma yi mini ɗanɗanon fetur. Duk da haka, a gada ta mutu. Liman ya fara cewa ko a gwada tofi.

Rana ta huɗu na bi Baba, da maƙwabta uku a kan buhuna. Da ta mutu, na riga shi zuwa tanki. Ashe murfin ya daɗe da ɓacewa. Baba ya toshe bakin da totuwar masara, ya naɗe da leda, ya ɗaure tamau da roba. Ina zarewa na ji tankin ya ja dogon numfashi. Iska ba ta shiga, to ta yaya mai zai fita?

"Ka ga ɗauri ko?" in ji Baba. "Ko ƙura ba ta shiga. Da hannuna na yi."

Haushi ya cika ni, ga dariya tana cina. Na dubi maƙwabta, na dube shi yana ta murmushi, sai tausayinsa ya kama ni. Na ce ya shiga ya murza makulli. Yana juya baya na sa ƙusa na huda totuwar, na mayar da ita.

Ba mu tsaya ba sai Gezawa. Da aka tambaye ni, na ce kafireta ce.

Har Allah ya yi masa rasuwa yana gaya wa mutane ɗansa ya iya gyara, sai dai akwai nawar aiki, kuma a ɗaurin tanki da saura bai kamo ubansa ba.