Ranar da Madubin Anti Saude Ya Faɗo

A gidanmu na Angwan Iya, Kaka ba ta tatsuniya sai an kwashe tuwo. Da an idar da sallar magariba za ta jawo kujerarta gaban murhu, ta tura guntayen itace ciki, mu yara mu baje a tabarma muna jiran gyaɗar da ta binne a toka. Shekarata tara a lokacin. Iyayena suna noma a Gitata, makaranta ce ta sa aka kawo ni Keffi wurinta.

Kaka ba ta yarda da abu a ganin farko. Ko manja aka kawo talla, sai ta ɗiga a farce ta duba a rana. Saboda haka ba wanda ya yi mamakin kallon da ta yi wa abin da Kawu Bala, autanta, direba a Abuja, ya zo da shi wata Juma'a. Salatif ne mai kauri, mai danƙo gaba da baya, da jar leda da ake ɓarewa.

"Inna, an daina wahalar ƙusa," in ji shi. "Da wannan ake liƙa alluna a ofisoshi. Ko ƙato ya ja ba zai cire ba."

Kaka ta danna shi da babban yatsa, ta shinshina, ta miƙa masa abinsa. "To, Auta. Muna nan."

A kwana biyu ya bi gidan da liƙi. Ya manne bakin ledar tsakar ɗaki da ke naɗewa, ya kafa lambar gida a ƙofar ƙarfe, ya mayar da madubin babur ɗinsa. Duk suka zauna daram. Daga nan ya ɗauko babban madubin matarsa, Anti Saude, wanda mahaifiyarta ta saya mata kafin ta rasu, aka zo da shi daga Panda cikin kayan ɗaki. Ya jera salatif layi huɗu a bayansa, ya danna shi a bangon da aka yi wa sabon fenti.

Ranar Asabar ta gaba da la'asar, ina share ɗakin Anti Saude, na juya baya ke nan na ji ƙara. Madubin ya tarwatse a siminti.

Ni kaɗai ce a ɗakin. Kuma kowa ya san an taɓa kama ni a kan kujera ina gwada ɗankwalin Anti Saude a gabansa. Ita da ta shigo, sai ta durƙusa tana tsince gilas tana hawaye. Kawu ne ya yi magana.

"Rabi, faɗi gaskiya. Jan sa kika yi?"

"Wallahi Kawu ban taɓa ba."

"Abin da ni da ƙarfina na ja bai motsa ba? Ga ɓarna ga ƙarya. Gobe zan sa ki a mota zuwa Gitata."

Na juya wurin Kaka ina jiran ta tsaya mini. Sai ta ƙanƙance ido ta dube ni, irin duban da take yi wa manja. Ta shiga ɗakin, ta daɗe, ta fito ta wuce. Anti Saude ta sa wa ƙofar kwaɗo, abin da ba ta taɓa yi ba.

Da magariba ban ci tuwo ba. Na zauna can ƙarshen tabarma. Kawu yana bakin zaure yana latsa waya. Kaka ta gyara wuta, ta buɗe da kalmominta na kullum: "Ku matsa mata, ga wata ta iso." Yara suka amsa, "Mun ba ta wuri." Ni ban amsa ba, don na tabbata labarin yarinya maƙaryaciya za ta kawo.

Sai ta kawo na wani manomi da ya gina rumbu shi da amininsa, ya cika shi da dawa. Bayan wata guda ya leƙa ya ga dawar ta sauka. Ya ce a ransa, wa ya san yadda ake buɗe rumbun nan in ba wanda muka gina tare ba? Ya fara watsa toka a gindin rumbun don ya ga sawu, bai ga sawu ba. Ya ce lallai ɓarawon gwani ne. Aminin ya gaishe shi, ya ce gaisuwar ta yi zaƙi da yawa. Aminin ya daina zuwa, ya ce kunya ce ta kama shi.

"Kun ji," in ji Kaka, ta ɗan ɗaga murya wajen zaure, "ko me mutumin ya yi, shaida ce."

Da magana ta cika gari, aminin ya kwashi iyalinsa ya haye kogi. Ruwan farko na sauka, rumbun ya kife. Ashe gara ce ta cinye gindinsa, dawa tana zurarewa cikin rami. Manomin ya bi amininsa har ƙetare. Aka shimfiɗa masa tabarma, aka ba shi ruwa, aka yafe masa. Amma aminin bai dawo ba.

"Nan ta sauka," in ji Kaka. Sai ta kwance bakin zaninta. "Auta, zo da fitilar wayarka."

Guntun katakon bayan madubin ne ta ɗauko. Salatif ɗin yana nan manne, bai saki ba ko kaɗan. Amma ɗaya fuskar tasa ta yi fari fat da fenti, har da garin tsohuwar farar ƙasar da aka shafa fentin a kanta.

"Da yarinya ce ta fizga, gefe ɗaya zai fara ɓallewa. Je ka duba bangonka, layi huɗu ne suka saluɓe tare. Abinka ya riƙe fenti, fenti ne bai riƙe bango ba."

Kawu ya karɓi makulli ya shiga. Na ji yana kankare bangon da farce. Da ya fito ya tsaya a kaina, ya ce, "Rabi, ki yi haƙuri. Tashi ki ci abinci." Anti Saude ce ta ɗumama mini miyar da kanta.

Shekaru na ɗauka ina zaton darasin shi ne kada a zargi kowa. Sai da na gama karatu na fara koyarwa a firamare, na ga yadda zargi yake faɗawa kullum kan yaron da ya fi kusa, ko wanda ya taɓa yin laifi, sannan labarin ya dawo mini da wata fuska. A hutun ƙarshe da na yi da Kaka kafin rasuwarta, ina yanke mata farce, na tambaye ta ko tun farko ta san ba ni ba ce.

Ta yi dariya har da tari.

"Ina fa na sani? Ke ma ban yarda da ke ba. Ban yarda da Auta ba, ban yarda da salatif ɗinsa ba, ban yarda da bangon ba. Shi ya sa na tashi na je na duba."