Malam Maharazu Mai Rabon Layi

Da an idar da sallar asuba Malam Maharazu zai ɗaure jakar kayan aikinsa a bayan babur. Yau Ƙanƙara, gobe Faskari, jibi ya bi muguwar hanyar nan ta Sabuwa. Aikinsa gyaran kwamfutocin ƙananan asibitoci, irin waɗanda ake jona wa tsofaffin na'urori da sababbi a jiki ɗaya.

Ka tambaye shi me yake yi, sai ya ce, "Rabon layi." Wai kowace na'ura in tana da magana sai ta katse kwamfuta don a saurare ta, kuma ta layi take kira. Sababbin ba ruwansu, sai su taru a layi ɗaya su zauna lafiya. Tsohuwa kuwa layinta kaɗai ta sani. Ka ba wani, ta yi gum ke nan.

Yanzu ido ya yi rauni, ya ajiye aiki. Ma'aikatan lafiya suka shirya masa walima a Faskari, mutumin nan ya ce atafau ba zai zo ba. Wai kunya yake ji.

Dalili kuwa, wata shekara can baya aka kawo sabon katin intanet, irin wanda ake soka wa kwamfuta a ciki, wani asibitin ƙauye a ƙasar Sabuwa. Malam ya jona shi, la'asar ta matso, kowa kuwa ya san ba a bari yamma ta yi wa mutum a hanyar nan saboda 'yan bindiga. Sai ya bar kwamfuta ta yi rabon da kanta, ya hau babur. Ita kuma ta ɗauke layin tsohuwar na'urar gwajin jini ta ba sabon katin. Washegari aka kawo Asibi matar Daniel da tsohon ciki, idanunta fari fat, alamar ƙarancin jini. Na'ura ta ƙi cewa uffan. Haka Daniel ya goya ta a babur har Funtuwa, da ƙyar suka sha, ita da jaririyar.

Babu wanda ya zarge shi, an ɗauka tsufa ne ya kama na'urar. Shi da ƙafarsa ya koma wajen Hajiya Suwaiba, mai kula da asibitin, ya ce, "Hajiya, ba laifin na'ura ba ne. Ni na yi gaggawa." Tun daga ranar bai ƙara barin wani asibiti ba sai ya keɓe wa tsohuwa layinta da hannunsa, an gwada ta a gabansa. In yamma ta riske shi, ya kwana a kan benci. Masu gadi shaida ne.

Kai ne, Malam, mai ba tsoho haƙƙinsa gaban yaro. Kai ne ka faɗi laifin da babu wanda ya gani.

Da ya ƙi walima, Hajiya Suwaiba ta ɗauko Asibi har zaurensa. Yana jin sunanta ya sunkuyar da kai.

"Haba Baba, ɗago mana," in ji Asibi. "Duk ɗiyan da na haifa bayan waccan, a na'urar nan aka gwada jinina, ba ta sake yin shiru ba. Rana ɗaya kake ta riƙewa. To sauran ranakun fa, wa zai riƙe ma?"

Nan kunya ta baro shi ta dawo kanmu, mu ma'aikatan lafiya. Wallahi babu wanda ya riƙe. Sai na'ura ta mutu muke tuna lambarsa.

Mun gode, Malam Maharazu, Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa ido haske. Walimar dai ya zo, ya raɓe a kujerar baya. Ku kuma da kuka gaje shi, ku jona sabo yadda kuke so, amma kada ku hau babur sai tsohuwa ta yi magana.