Baftismar da Orpha Take Gudu

A garin Lamoni, a jihar Iowa ta Amurka, kowa ya san 'Yar'uwa Orpha Lasater da abu biyu: tumatirin da take dafawa ta ɗura a kwalabe duk kaka, da taurin kai. Ni Nelda maƙwabciyarta ce, na ɗanɗana duka biyun.

Kakanninta na cikin waɗanda suka ƙi bin ayarin keken shanu da ya yi hijira zuwa jihar Utah lokacin da cocin Mormon ya dare gida-gida, bayan an kashe wanda ya kafa shi. Suka zauna nan Iowa, suka kama tasu hanyar. Da wannan Orpha take tinƙaho, sai ka ce ita ta tare keken shanun da hannunta.

Kwatsam ɗanta tilo, Verl, ya tafi aiki yamma, ya auri 'yar Utah, ya koma cocinsu. Su kuwa suna da wata al'ada da mu ba mu da ita: in naka ya mutu ba a cikinsu ba, sai ka shiga ruwa a haikali a yi maka baftisma da sunansa.

"Mama, ki kwantar da hankalinki," in ji Verl wata rana a gabana. "In kin rasu zan kai sunanki. Ba dole, a can lahira za ki zaɓa. So nake mu zauna wuri ɗaya."

"Kai, Verl, ka kiyaye ni! Ina raye ban bi su ba, sai na mutu ka ja ni kamar akuya? Mahaifina na can yana jirana cikin namu!"

Ya yi dariya, ita ta yi kuka. Ta ba ni tausayi ƙwarai, domin ta san wannan "a'a" tata ba za ta wuce ranar jana'izarta ba.

Daga nan ta ɗaura yaƙi da mutuwa. Magani ba ya wuce ta, gishiri ta yi sallama da shi. Ta haura tasa'in, ƙawayenta duk sun tafi, ƙafa ta ƙi, ido ya dushe. "Na gaji, Nelda," takan ce, "amma ina fita ta wannan ƙofa, yaron nan na tsaye a waccan da bokiti."

Sai zuciyar Verl ta tsaya, ya riga ta gidan gaskiya.

Na kai mata burodi, na tarar tana ɓare tumatir. Ni da bakina da ba ya shiru, na ce to yanzu ba mai taɓa sunanta. Ta ajiye tumatirin da ke hannunta.

"In su ne da gaskiya fa, Nelda?" ta ce. "Yanzu wa zai kai ni wurinsa?"